Motsa Jiki Yana Rage Ƙuncin Zuciya

Jiki da zuciya abokan tafiya ne. Idan mutum ya yi tafiya da sauri har ya yi gumi, ƙwaƙwalwarsa takan saki waɗansu sinadarai masu rage damuwa, barcinsa ya yi daɗi, fushinsa ya ragu. Amma wanda baƙin ciki ya dama yakan ji kasala ya kwanta, kwanciyar kuwa ta ƙara masa ƙunci.

Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar.

Alal misali, ma'aikacin da ke wuni bisa kujera a Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, yana iya zaga unguwarsu da asuba kafin rana ta yi zafi, ko ya taka zuwa filin wasa na Jolly Nyame da la'asar. Ya fara da minti 10, domin sannu ba ta hana zuwa. Ya kuma nemi abokin tafiya, gama kunyar saɓa alkawari takan tayar da malalaci.

Mai ciwon zuciya ya fara tuntuɓar likita. Wanda ƙuncinsa ya wuce mako biyu kuwa, lalle ya je asibiti.