Furfura da Jirgin Wasa: Dalilan da Suka Mayar da Dattawan Turai Kan Ƙananan Jiragen Ƙasa

A watan Janairun 2024 labarai biyu suka zo wa masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa a Birtaniya a jere. Kantin Hattons, wanda aka kafa a Liverpool tun 1946, kuma a lokacin yana cikin manyan dillalan wannan kaya a ƙasar, ya sanar da cewa zai rufe. Ba a jima ba ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Warley ta ce ta dakatar da babban baje kolin da ta yi shekara talatin tana shiryawa a Birmingham, saboda 'ya'yanta sun manyanta, ɗawainiyar taron ta fi ƙarfinsu. Abin ya ɗaure wa mutane kai, domin ba a daɗe ba da kasuwar ta yi albarka. A tsakiyar 2020, lokacin kullen korona, cinikin kamfanin Hornby, mai ƙera irin waɗannan jirage, ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku, kuma da yawa daga cikin masu sayen ba yara ba ne, magidanta ne da suka hau rufin ɗaki suka sauko da akwatin da suka ajiye tun suna firamare. To yaya sana'ar da masoyanta ke komowa gare ta da kuɗi a aljihu za ta riƙa rasa kantuna da taruka?

Ya kamata a fara fayyace abin da ake magana a kai, don kada a ɗauka motar roba ce da yaro ke ja da zare. Waɗannan jirage kwafi ne na jiragen gaske, an rage su bisa lissafi. A Jamus da Amurka an fi amfani da ma'aunin HO, inda aka rage komai sau 87. Birtaniya tana da nata, OO, sau 76. Akwai N, wanda ya fi su ƙanƙanta, Japanawa suka rungume shi saboda ƙarancin fili a gidajensu. Jirgin yana tafiya da lantarkin da ke bi ta layin dogonsa. Mai shi kuma ba ya tsayawa a jirgi: zai kafa tebur, ya shimfiɗa layi, ya ɗora tsaunuka da gadoji, ya gina tasha da ma'aikatanta, ya sa fitilun sigina, har tsatsar jikin tarago sai ya zana ta. Aiki ne na kafinta da na mai gyaran wuta da na mai fenti a hannun mutum ɗaya, kuma yakan ci shekaru. Wanda ya san yadda yaro ke fara kiwon tantabaru a bayan gida, ya bar su saboda karatu da neman abinci, sannan ya sake kafa musu ɗaki bayan ya aurar da 'ya'ya, ya riga ya fahimci rabin labarin.

Tushen komowar yana cikin shekarun 1950 zuwa 1970. A wancan zamani jirgin wasa shi ne babbar kyautar da uba ke saya wa ɗansa a Kirsimeti. A Jamus sunan Märklin ake ji, kamfanin garin Göppingen da aka kafa a 1859. A Birtaniya Hornby ne, a Amurka kuma Lionel, wanda ya fara aiki a New York a 1900. Yaran da suka buɗe waɗannan akwatuna su ne kuma suka ga ƙarshen wani zamani da idonsu. Rahoton Beeching na 1963 ya jawo rufe dubban tashoshi da ƙananan layuka a Birtaniya, a 1968 aka sauke jirage masu kwal daga aiki a manyan layukan ƙasar, Jamus ta Yamma ta bi sahu a 1977. Shi ya sa idan ka zaga wurin baje koli za ka tarar da ƙananan tashoshin ƙauye birjik, da kan jirgi mai tururi yana jan taragu uku. Dattijon da ya gina wannan tasha garinsu yake mayarwa yadda ya san shi, tashar da aka rushe aka yi wurin ajiye motoci a gurbinta. A ganina wannan ne dalili mafi ƙarfi, sauran duk taimaka masa suke yi.

Amma kewa kaɗai ba ta isa ba, sai da hali. Wannan tsara ta yi ritaya da fansho mai kauri da gida nata na kanta, 'ya'ya sun tashi sun bar ɗaki babu kowa. Jirgin da mutum ya riƙa leƙe ta gilashin kanti yana ɗan shekara goma, yanzu yana iya sayen biyar irinsa.

Kayan ma sun canza. A da, jirage biyu a layi ɗaya dole su tashi tare su tsaya tare, sai dai a yanyanka layin a cika ƙarƙashin tebur da wayoyi. Märklin ya fito da tsarinsa na dijital a 1984, sannan a shekarun 1990 ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, ta amince da tsarin DCC wanda ya samo asali daga aikin kamfanin Lenz na Jamus. Ana sa wa kowane kan jirgi 'yar na'ura mai lambarta, a ba shi umarni shi kaɗai, ya kunna fitila, ya yi ƙarar injin gaske da aka naɗo, yau har da wayar hannu ake tuƙa shi. Ga kuma kyawun ƙira. Tun da aka mayar da yawancin aikin zuwa masana'antun kudancin Sin, inda ake haɗa ɗaruruwan 'yan ƙananan sassa da hannu, jirgin yau ya yi wa na 1970 nisa ƙwarai. Mutumin da ya shiga kanti don ya tuna baya kawai, sai ya ga abin da bai taɓa zato ba, ya fito da leda.

Akwai kuma batun kunya. An daɗe ana yi wa babban mutum mai wasa da jirgi kallon wanda bai gama girma ba, har wasu suna ɓoye abin ga abokan aiki. Da mawaƙi Rod Stewart ya nuna wa mujallar Railway Modeller ƙaramin birnin jiragen da ya yi sama da shekara ashirin yana ginawa, a 2019, ya kuma bayyana cewa idan ya fita yawon waƙa har ɗaki na musamman yake kamawa a otal don aikin, da yawa sun samu bakin magana. A Hamburg, tagwaye Frederik da Gerrit Braun sun buɗe Miniatur Wunderland a 2001, wurin baje ƙananan jirage mai layin dogo sama da kilomita 15, kuma ya zama cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a Jamus.

Amfanin komowar ga su dattawan a fili yake, kuma ban ga dalilin raina shi ba. Namiji a Turai idan ya bar aiki yakan rasa abokan hira gaba ɗaya, domin babu majalisar ƙofar gida da zai zauna. Ƙungiyar jirgi tana ba shi dare ɗaya a mako da zai fita, a ba shi aiki, a tambaye shi idan bai zo ba. Hannu yana motsi, ƙwaƙwalwa tana lissafi, ga binciken tarihi, don wanda zai gina tashar 1955 sai ya san launin fentinta. An ga irin ƙaunar da jama'a ke yi wa waɗannan mutane a watan Mayun 2019, sa'ad da wasu matasa suka fasa zauren da ƙungiyar jirgi ta Market Deeping ta jera kayanta suka farfasa aikin shekaru. Ƙungiyar ta nemi taimakon fam 500, mutane suka tara mata sama da fam 100,000.

Kamfanoni ma sun sha da wannan kuɗi. Märklin ya durƙushe a 2009, iyalin Sieber masu kamfanin kayan wasa na Simba Dickie suka saye shi a 2013, kuma dattawa masu tara jirage ne suka riƙe shi har ya miƙe.

A nan ne kuma matsalar ta ɓuya. Ɗan kasuwa inda kuɗi yake nan yake fuskanta. Da masu ƙira suka gane cewa mai furfura ne ke biya, sai suka koma yi masa abin da yake so: jirgi mai laushin sassa da ba ya jure hannun yaro, ana yin kaɗan, ana sayarwa tun kafin ya iso. Sabon kan jirgi mai sauti a ma'aunin OO yakan haura fam 200, na Märklin kuma yuro 400 ba abin mamaki ba ne. Uba mai matsakaicin albashi ba zai miƙa wa ɗan shekara bakwai irin wannan ba, alhali da kuɗin zai sayi na'urar wasan bidiyo. Wasu masu sayen ma ba sa buɗe kwalin, ajiya suke yi. Ƙananan kantunan unguwa, inda yaro ke tsayawa ya ga jirgi yana zagaye a taga, intanet da tsadar haya sun cinye yawancinsu. Duk wanda ya komo yau ya komo ne domin wani ya sa masa jirgi a hannu shekara hamsin da suka wuce. Idan yaran yanzu ba su samu wannan ba, a 2070 babu abin da za su tuna balle su nema. Kasuwar tana cin irin da ya kamata ta shuka, kuma bunƙasar lokacin korona ta rufe wannan gaskiya na ɗan lokaci ne kawai. Hattons da kansa ya ambaci raguwar masu saye da sauyin shekarunsu cikin dalilan rufewarsa.

Ba na cewa babu matasa a ciki. Akwai su, sai dai hanyarsu daban ce. Galibinsu haya suke zaune, ba su da ɗakin da za su ba jirgi, don haka suna gina ɗan ƙaramin fage da zai hau kan kanta, ko kowa ya yi gunki ɗaya a gida a haɗu a jona, kamar tsarin T-TRAK da ya fito daga Japan. Suna koyo a YouTube, suna buga gine-ginensu da na'urar 3D, kuma jiragen zamani masu lantarki suke so, waɗanda suke hawa zuwa aiki. Hornby ya fito da ma'aunin TT:120 a 2022 don masu ƙaramin wuri, shi da Märklin kuma kowanne yana da jerin jirage masu batir na yara. Zauren Birmingham ma bai zauna babu taro ba, wasu masu buga mujallu sun karɓe shi. Sai dai saurayin da ya koya a waya ba lallai ne ya zo ya ɗauki tebur ya kwana yana jera kujeru ba, kuma wannan aikin sa kai shi ne ya ƙare wa Warley.

Akwai wata ƙofa da ban ga ana ba ta muhimmancin da ya dace ba. Kowace shekara iyalai suna fito da jiragen mamatansu, akwati-akwati, su sayar wa dillalai da araha domin ba su san yadda za su yi da su ba. Yawancinsu tsofaffin ƙira ne masu ƙwari, irin waɗanda aka yi don hannun yara tun asali, kuma ɗan mai da goge layi ya isa ya tashe su. Ƙungiyoyi suna da masu gyara, suna da lokaci, suna da zaure. Da za su riƙa karɓar irin wannan kaya su gyara su kai makarantu da ɗakunan karatu, ko su ba yaro saiti guda ya tafi da shi gida, da sun yi abin da kamfani ba zai yi ba, tunda babu riba a ciki. Wasu ƙungiyoyi sun fara ware teburin da aka yarda yara su taɓa a wurin baje koli, amma har yanzu a yawancin zaurukan igiya ake ja tsakanin yaro da jirgi.