Gaskiya ko Jita-jita: Karatun 'Ya Mace da Akwatin Zaɓe

A rajistar da hukumar INEC ta fitar gabanin zaɓen 2023 akwai sunayen mutum sama da miliyan 93, kuma kashi 47.5 cikin ɗari mata ne. Amma a Majalisar Dattawan da wannan zaɓe ya haifar, kujeru 4 kacal mata suka samu cikin 109, su ma ɗaya sai da kotu ta ƙwato wa mai ita. A Majalisar Wakilai mai kujeru 360, matan ba su kai 20 ba. Da zarar an tayar da wannan zance, sai a dawo kan karatun 'ya mace, kowa da abin da ya ji a zaure ko a gidan biki. Ga wasu daga cikin maganganun da aka fi yi, da abin da hujja ta nuna game da kowace.

"Karatun mata baƙon abu ne, Turawa suka kawo shi"

Jita-jita ce. Tun kafin Bature ya taka ƙasar Hausa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke tara almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kamar yadda ya rubuta a littafinsa Nurul Albabi. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru. A wannan tsari takan naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ba ta malfa alamar izini, ita kuma jajin ta riƙa jagorantar matan karkara zuwa ɗaukar karatu, su koma su koyar da na gida.

Turawan mulkin mallaka kuwa jan ƙafa suka yi. Kwalejin Katsina, wadda ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ta maza ce zalla, kuma sai a wajajen 1930 aka fara buɗe wa 'yan mata makarantun gwamnati a Kano da Katsina. Ko a wannan zamani, da Taliban ta rufe wa matan Afganistan ƙofar jami'a a Disamban 2022, Al-Azhar da Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta OIC suna cikin waɗanda suka fito suka ce matakin ya saɓa wa koyarwar addini.

"Tare maza da mata suka fara zaɓe a Najeriya"

Wannan ma jita-jita ce, kodayake matasa da yawa haka suka ɗauka. A zaɓen 1959, wanda ya kai ƙasar ga 'yancin kai, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa kuwa ba a ba su dama ba. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta nemi a ba su, Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a kan wannan fafutuka, amma NPC mai mulki ta ce lokaci bai yi ba. Hujjarta ita ce al'ada, da kuma ƙarancin matan da suka yi karatu. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan Arewa suka fara zaɓe, sannan suka shiga babban zaɓen 1979. 'Yan uwansu na Maraɗi da Damagaram sun riga su da shekara ashirin, domin tun 1956 dokar Faransa ta bai wa kowane baligi a Nijar damar zaɓe.

Abin lura a nan shi ne, an ƙi kai yarinya makaranta, sannan aka kafa hujja da rashin karatunta aka hana ta ƙuri'a.

"Zaɓe ba ya buƙatar karatu, dangwala yatsa ne kawai"

Rabin gaskiya ce. Doka ba ta ce sai mai takardar makaranta zai yi zaɓe ba, kuma rashin boko ba rashin hankali ba ne. Matar da ke sauraron rediyo safe da yamma ta san bambancin laima da tsintsiya, ta kuma san wanda ya cika alkawari da wanda ya saɓa. Ita kanta Gambo Sawaba karatunta na boko bai wuce firamare ba.

Sai dai dimokuraɗiyya ba ta tsaya ga dangwala yatsa ba. Kundin tsarin mulkin 1999 ya shardanta cewa mai neman kujerar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa ya kasance ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare ko makamancinsa. Ke nan yarinyar da aka cire daga aji huɗu an rufe mata ƙofar takara tun ba ta san ana yi ba. Za ta zaɓa, amma da wuya a zaɓe ta. Haka kuma wakilin jam'iyya a rumfar zaɓe sai ya karanta takardar sakamako kafin ya sa hannu, kasafin kuɗin jiha da na ƙaramar hukuma kuma a rubuce yake zuwa. Wani bincike da masana biyu, Larreguy da Marshall, suka wallafa a 2017 ya bi sawun waɗanda suka amfana da shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976, ya gano sun fi takwarorinsu bibiyar labarai, da fita zaɓe, da tunkarar kansilansu da koke.

"Karatun mace a madafi yake ƙarewa"

Jita-jita ce, ko da an auna ta da ma'aunin masu faɗinta. A ce ma matar ba ta taɓa fita aiki ba, karatun nata bai faɗi ƙasa banza ba. Mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa nazari a 2010 da ya nuna cewa kimanin rabin raguwar mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka samu a duniya tsakanin 1970 da 2009 yana da nasaba da ƙaruwar karatun iyaye mata. Uwar da ke iya karanta katin rigakafi da takardar magani ta riga ta ceci rai tana cikin ɗakinta. Kuma magidancin da ba ya son likita namiji ya duba iyalinsa ya tambayi kansa: daga ina likita mace da ungozoma za su fito idan kowa ya ajiye tasa 'yar a gida?

Alaƙar wannan da mulki a fili take. Mace ce ke kai yaro asibiti, ita ta san ranar da babu magani. Ita ta san famfon unguwa ya ƙafe, ita ta san malami ya yi mako bai shiga aji ba. A Indiya, bayan gyaran tsarin mulki na 1993 ya ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na shugabancin majalisun ƙauyuka, masana sun tarar ƙauyukan da mata ke jagoranta sun fi kashe kuɗi a kan ruwan sha. Ilimi ne ke mayar da ƙorafin tsakar gida ya zama takardar koke da hukuma za ta amsa.

"Mace in ta yi boko ba ta jin magana"

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba yadda ake nufi ba. A yammacin Kenya an bi sawun 'yan matan da aka bai wa tallafin ci gaba da karatu, aka gwada su da waɗanda ba su samu ba. Waɗanda suka yi nisa a karatu sun fi sanin siyasar ƙasarsu, sun rage yarda cewa dukan mace daidai ne, sun kuma rage amincewa da duk abin da hukuma ta faɗa. Wato abin da ya ƙaru shi ne tambaya, ita kuwa tambaya ita ce jarin talaka a gaban mai mulki.

Batun cewa boko na raba mace da addininta ko gidanta kuwa, ƙungiyar FOMWAN ta isa amsa. Matan Musulmi masu ilimi ne suka kafa ta a Minna a 1985, galibinsu matan aure, kuma yau tana da makarantu da asibitoci da azuzuwan yaƙi da jahilci a jihohi da dama.

"Da an ilimantar da mata, wakilci zai zo da kansa"

Jita-jita ce, kuma ta 'yan boko ce. Matan Suwizalan sun daɗe da iya karatu da rubutu, amma sai 1971 suka samu damar zaɓen tarayya. A Kudancin Najeriya 'yan mata sun cika jami'o'i, duk da haka har yau babu jihar da ta zaɓi mace gwamna. Virginia Etiaba ta riƙe Anambra na 'yan watanni ne daga ƙarshen 2006 bayan tsige Gwamna Peter Obi. Tsadar takara, da cinikin daliget, da tarukan tsakar dare, da 'yan daba, duk shingaye ne da digiri ba ya kawar da su. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurorin gyaran tsarin mulki da suka shafi mata, har da na ware musu kujeru.

Inda adadin ya ɗaga, doka ce ta ɗaga shi. Senegal ta yi dokar raba takara daidai tsakanin maza da mata a 2010, a zaɓen 2012 mata suka haura kashi 40 na majalisa. Nijar ta fara ware wa mata kashi 10 a shekarar 2000, ta ɗaga zuwa 25 a 2019, kafin juyin mulkin 2023 ya rushe majalisar baki ɗaya. Amma yawan kujeru shi ma ba shi ne dimokuraɗiyya ba: Ruwanda ce kan gaba a duniya, mata sun haura kashi 60 na majalisarta, alhali bakin 'yan adawa a rufe yake.

"Laifin iyaye ne kawai"

Ba haka ba ne. Alƙaluman UNICEF sun nuna fiye da rabin 'yan matan Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ba sa zuwa firamare, kuma akwai iyayen da suka fifita talla da aurarwa da wuri. Amma uban da ya ji an kwashe ɗalibai 276 a Chibok a 2014, da 110 a Dapchi a 2018, da 279 a Jangebe a 2021, tsoronsa na da dalili. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole ne, sai ga shi jihohi da dama na barin biliyoyin naira jibge a asusun hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC saboda sun ƙi biyan nasu kason.

Waɗannan duk ayyuka ne na zaɓaɓɓu, don haka masu zaɓe ke da ikon bin kadinsu. Idan ɗan takara ya aiko da atamfa da taliya, matan unguwa na da tambayoyi uku da suka fi su daraja: ina sakandaren 'yan mata mafi kusa da mu, malamai mata nawa ne a cikinta, kuma jiharmu ta karɓo kuɗinta na UBEC na bana?