Tsofaffin katunan besbol

Katin besbol ƙaramin kati ne na takarda mai kauri da ke ɗauke da hoton ɗan wasan besbol, wasan da ake buga ƙwallo da sanda wanda ya shahara a Amurka. A bayan katin akan buga tallan kamfani ko tarihin ɗan wasan. Da farko kyauta ake ba da su, yara na wasa da su su yar. Wannan ne ya sa waɗanda suka tsira ba su da yawa, har wasu ke kai miliyoyin dala a yau.

Zamanin taba

A shekarun 1880 kamfanonin taba sigari na Amurka suka fara saka katuna a cikin kwalin taba, don kwalin ya yi ƙarfi kuma mai saye ya dawo neman wani katin. Kamfanonin Goodwin da Allen & Ginter na cikin waɗanda suka yi fice. Jerin da ya fi suna shi ne T206, wanda American Tobacco Company ya fitar daga 1909 zuwa 1911, mai katuna 524. A cikinsa akwai katin Honus Wagner na ƙungiyar Pittsburgh Pirates, wanda aka dakatar da bugawa tun da wuri. Wasu na cewa Wagner bai so yara su sayi taba saboda hotonsa ba, wasu kuma na cewa batun kuɗi ne. Kwafi kusan 60 ne kawai aka san suna nan.

Zamanin cingam

A 1933 kamfanin Goudey na birnin Boston ya haɗa katuna da cingam, inda Babe Ruth ya fito a katuna huɗu. Ƙarancin takarda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da harkar, sai Bowman ya farfaɗo da ita a 1948. A 1952 kamfanin Topps ya fitar da jerin katuna 407, kuma kati mai lamba 311 shi ne na Mickey Mantle. Topps ya sayi Bowman a 1956, ya mamaye kasuwa har zuwa 1981, lokacin da Fleer da Donruss suka shigo. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 an buga katuna da yawan gaske, mutane kuma suka adana su da fatan riba, shi ya sa yawancinsu ba su da daraja yanzu.

Tsara katuna

Jefferson Burdick ne ya shimfiɗa tsarin rarraba katuna a littafinsa American Card Catalog. Harafin T a sunan T206 na nufin katin taba na ƙarni na 20. Burdick ya ba gidan tarihi na Metropolitan da ke birnin New York tarin katunansa kafin rasuwarsa a 1963.

Daraja da tantancewa

Farashin kati ya dogara ne da shaharar ɗan wasa, ƙarancin katin, da lafiyarsa. Masu tantancewa na duba kusurwoyi, gefuna, tsabtar fuska da daidaiton hoto a tsakiya, su ba da maki daga 1 zuwa 10, sannan su rufe katin a cikin roba mai tauri. A watan Agusta 2022 an sayar da katin Mantle na 1952 a kan dala miliyan 12.6 a gwanjo, kuma a wannan watan wani katin Wagner ya kai dala miliyan 7.25.

Kuɗin da ke cikin harkar ya jawo jabu da algus. Katin farko da kamfanin PSA ya tantance a 1991 shi ne na Wagner da Wayne Gretzky da Bruce McNall suka saya kan dala 451,000. A 2013 dillali Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefunan katin don ya yi kyau. Saboda haka masu tarawa ke bincikar asalin kati da hannayen da ya bi kafin su biya.