Mai Sikila Da Gurbin Jami'a: Ɓoye Ciwo Ba Dabara Ba Ce

Da hukumar JAMB ta tsayar da maki 150 a matsayin mafi ƙanƙantar makin shiga jami'a a watan Yulin 2025, hirar iyaye a Katsina ta koma ta maki da neman gurbi. Amma akwai gidajen da fargabarsu daban ce. Yaronsu ya ci jarrabawa, sai dai yana da amosanin jini, wato sikila, kuma sun ɗauka takardar gwajin lafiya za ta hana shi shiga.

Ba haka abin yake ba. A jami'o'i irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Al-Qalam, sakamakon jarrabawa ke ba da gurbi, gwajin lafiya kuwa sai lokacin rajista. Makarantun soja irin su NDA ta Kaduna ne ke da tsauraran sharuɗɗan lafiya.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa. Abubuwan da ke tayar da ciwon sanannu ne: sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, zazzaɓin cizon sauro da wahala. Duk wanda ya san hunturun Katsina a watan Janairu da zafin Afrilu, ya kuma san cunkoson ɗakin kwanan ɗalibai, ya san abin da ke jiran yaron da ya bar gaban mahaifiyarsa karon farko. Idan ciwo ya tashi cikin dare, abokan ɗaki ba su san komai ba, asibitin makaranta ba shi da tarihinsa, wa zai taimake shi? Wasu iyayen tsoron surutun mutane, musamman kan auren 'ya mace, ke sa su yi shiru kan ciwon. Wannan shirun ganganci ne da ran yaro.

Tun 2017 JAMB ta yi wa makafi tanadi na musamman a jarrabawa, abin a yaba. Masu ciwon da ido ba ya gani su ma sun cancanci ɗaki kusa da ruwa da asibiti, da damar sake jarrabawar da jinya ta hana su.

Iyaye su karɓo cikakken rahoton likita, daga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko inda yaron ke zuwa, su miƙa wa asibitin makaranta tun ranar rajista, su kuma sa masa gidan sauro da magungunansa a jaka.