Dillalan da ke Sayar da Sawun Mutane a Amurka

A Nuwambar 2020 jaridar intanet ta Motherboard ta bankaɗo cewa manhajar Muslim Pro, wadda miliyoyin Musulmi ke duba lokacin salla da alƙibla da ita, tana miƙa bayanan inda masu amfani da ita suke ga wani kamfani mai suna X-Mode. Cikin abokan cinikin kamfanin kuwa har da 'yan kwangilar sojin Amurka. Masu manhajar sun musanta sayar wa soja komai, suka kuma raba gari da X-Mode. Sai a Janairun 2024 hukumar kula da ciniki ta tarayya, FTC, ta hana kamfanin sayar da bayanan zuwan mutane asibitoci da wuraren ibada.

Irin waɗannan dillalai ba su taɓa yin ciniki da kai ba, amma adireshinka da lambar wayarka da hanyar da kake bi zuwa aiki duk suna rumbunsu. Tun da majalisar tarayya ta kasa samar da doka guda da za ta game ƙasar, jihohi suka shiga fagen. Vermont ce ta fara a 2018, ta tilasta musu yin rajista. Kalifoniya ta biyo baya, sannan Texas da Oregon a 2023.

Rajista kaɗai, a ganina, ba ta tsinana wa talaka abin kirki ba. Ta ba shi jerin sunayen ɗaruruwan kamfanoni, ta ce ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙon a goge sunansa. Wa ke da wannan lokacin?

Nan ne dokar da Gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom ya sa wa hannu a Oktoban 2023 ta sha bamban. Mazaunin Kalifoniya zai cike buƙata sau ɗaya tak a dandalin gwamnati mai suna DROP, ta isa ga kowane dillali mai rajista. Daga Agustan 2026 dole kowannensu ya riƙa leƙa dandalin aƙalla duk kwana 45 yana gogewa.

Tarar ƙin yin rajista dala 200 ce a yini, kuɗin da babban kamfani ba zai ko ji a jikinsa ba. Amma ta ƙin gogewa dala 200 ce a kan kowace buƙata, kowace rana. Dillalin da ya yi kunnen uwar shegu da buƙatu dubu goma, dala miliyan biyu ke hawa kansa kullum.