Wane ne gwarzon zamanin Tom Osborne?

A jihar Nebraska ta Amurka akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Cikin samarin da suka yi wa jami'ar jihar wasan ƙwallo a ƙarƙashin koci Tom Osborne, daga 1973 zuwa 1997, wane ne ya fi kowa? Mu sanar da masu karatu tun da wuri cewa ba irin ƙwallonmu ba ce. Tasu mai siffar gwanda ce, da hannu ake ɗaukarta a ruga, abokan gaba kuwa su yi ta ƙoƙarin kā da mai ita. 'Yan jami'a ne ke wasan, amma dubban mutane ke cika fili domin kallonsu.

Osborne ya ci wasa 255, aka cinye shi a 49, aka tashi kunnen doki a 3, ya kuma zama zakaran ƙasa a 1994 da 1995 da 1997. Mai bi ne wanda bai taɓa ɓoye bangaskiyarsa ba, shi ya sa ma muka kawo zancensa a wannan shafi.

Dattawa sukan ce Mike Rozier. A 1983 ya yi gudun yadi 2,148 da ƙwallo, aka ba shi kyautar Heisman, wadda ita ce ta gwarzon 'yan jami'a na ƙasa duka. Sai wani ya ce, to, wa ya buɗe masa hanya? Ai ƙattan sahun gaba ne masu ture abokan gaba, waɗanda ba a cika yi musu tafi ba. Cikinsu akwai Dave Rimington, wanda ya ci kyautar Outland sau biyu a jere, 1981 da 1982, har daga baya aka sa wa wata kyauta sunansa. Ƙungiyar 1983 ɗin dai ba ta ɗauki kofi ba. A wasan ƙarshe da Miami, ana 31 da 30, Osborne yana iya neman maki ɗaya a tashi daidai, mai yiwuwa kuma da hakan ya ishe shi zama zakara. Ya ƙi, ya nemi biyu, ya rasa.

Matasa kuwa Tommie Frazier suke kira, madugun da ke raba ƙwallo daga 1992 zuwa 1995. Idan a fili kaɗai za a auna, mu ma muna bayansu. A Janairun 1996 sun lallasa Florida 62 da 24, a ranar ne ya yi gudun yadi 75, maza suna rirriƙe shi yana zubar da su ɗaya bayan ɗaya. Bai sami Heisman ba, na biyu ya zo a 1995. Ƙungiyoyin ƙwararru na Amurka kuma ba su ɗauke shi ba saboda ciwon daskarewar jini a ƙafa. Amma kofi biyu a jere ya kawo gida.

Akwai sunan da kan sa zauren ya yi tsit, wato Lawrence Phillips. Da yawa sun yarda ba a yi mai baiwar gudu kamarsa ba a zamanin. Ya tashi a gidajen riƙo a California, ba gata. A Satumban 1995 ya shiga ɗaki da dare ya yi wa tsohuwar budurwarsa mugun duka. Osborne ya dakatar da shi wasa shida, sa'an nan ya maido shi, yana cewa in an kore shi gaba ɗaya yaron zai lalace, domin ƙwallo ce kaɗai ke riƙe da shi. Mutane suka yi ca, suka ce neman kofi ne. Ba mu ga alamar haka ba, gama ƙungiyar ta yi ta cin wasa ba tare da shi ba. Duk da haka muna ganin dattijon ya yi gaggawa. Mu da ke zama a kan shari'o'in ikilisiya mun san wannan jaraba: a ɗora mai laifi bisa horo, kafin a ga 'ya'yan tuba an maido shi kujerar gaba domin yana da murya ko yana da hannu, wadda aka cuta kuwa tana zaune a baya tana kallo. Gafara wajibi ce, amma maido da mutum kan matsayinsa wani abu ne dabam. Phillips ya ci gaba da faɗawa cikin laifi iri ɗaya, ya mutu a kurkuku a 2016.

Sai kuma Brook Berringer, wanda ba ya shiga lissafin masu ƙirga yadi. Ɗan benci ne, mataimakin Frazier. Da ciwo ya kwantar da Frazier a 1994, shi ya karɓi ragama, ya fara wasa bakwai, aka ci duka bakwai, wani lokaci ma yana fama da rauni a huhu. Ba domin shi ba, da kofin farko na Osborne bai samu ba. Da Frazier ya warke, aka ce masa ya koma benci a shekararsa ta ƙarshe. Ya koma, bai tā da rigima ba, ya ci gaba da ziyarar makarantu da asibitoci. Duk wanda ya taɓa riƙe wa fasto aiki na 'yan watanni sa'an nan aka ce ya miƙa mabuɗi ya san nauyin wannan abu.

Ranar 18 ga Afrilu, 1996, saura kwana biyu ƙwararru su zaɓi sababbin 'yan wasa, ƙaramin jirgin sama da yake tuƙawa ya faɗi a wata gona kusa da Lincoln. Ya rasu yana da shekara 22. A 2006 jami'ar ta kafa mutum-mutumin Osborne a bakin filin wasanta, an sassaƙa shi tsaye da ɗan wasa guda ɗaya a gefensa. Ba Rozier ba ne, ba kuma Frazier ba. Berringer ne, sanye da rigarsa mai lamba 18.