Samberu Da Ƙarya Gatari: A Duba Kafin A Sara

'Yan uwa fatake, bazara ta kawo jiki, lokacin da ciyawa ke ƙarewa, yaran kora su shiga saran rassa don shanu su samu abin taɓawa. A wannan lokaci ne samberu ke yi mana ɓarna, musamman a kan hanyar Dapango zuwa Sokode, tafiyar kusan kilomita 300, inda daji ke ƙara duhu da zarar an ƙetare kogin Oti a Mango.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne samberu ya yi kama ƙwarai da ƙarya gatari, wanda wasu ke kira baƙin maƙarfo. Dangi ɗaya ne, ƙasa iri ɗaya suke so, kuma ƙananan ganyensu duka ba sa fuskantar juna a jikin sanda, ɗaya na gaba da ɗaya suke fitowa. Saboda haka wanda ya ce da ganye kaɗai zai raba su, to bai san dajin ba.

Kan reshe za a fara dubawa. Na ƙarya gatari kauri gare shi, da gashi ja-ja mai laushi kamar tsatsa, ganyen kuma ya taru cunkus a can ƙarshe. Samberu ba shi da wannan jan kai mai kauri. Sai kwanso. Na ƙarya gatari ɗan ƙarami ne, falale, ƙwaya ɗaya tak a ciki, yana reto tuli-tuli, ba ya fashewa. Na samberu ya fi shi tsawo da tauri, ƙwaya biyu ko fiye, idan ya bushe sai ya tsage gida biyu. In babu kwanso a bisa, a duba gindin itacen, galibi ba a rasa na bara a ƙasa.

Ƙirya ma takan shiga cikin ruɗanin, amma tata mai sauƙi ce: ganyenta sirara ne, bibbiyu suna fuskantar juna, kwansonta baƙi ne mulmulalle, shanu na cinsa lafiya.

Dafin samberu zuciya yake kamawa. Saniya ta soma dalalar da miyau, jiki na rawa, ga zawo, ga numfashi sama-sama, wani lokaci kafin gari ya waye ta faɗi. Babu wani jiƙo da muka sani yana karya shi. A janye garke daga wurin nan take, kada a kora wadda ta ci da gudu, a nemi malamin dabbobi mafi kusa. Naman kuma kada a kai shi kasuwa.

Shanun da muka sayo daga arewa, Nijar ko Burkina, su suka fi shiga hatsari, don ba su san itacen ba, ga yunwar hanya, tohon kuwa ya fito shar tun ciyawa ba ta tsiro ba. A bakin rafukan wajen Sokode akwai kuma yayansa gwaska, babban itace mai duhuwa, dafinsu ɗaya.

Mai gida ya gaya wa yaransa tun daga Sinkase: madobiya da kawo da maɗaci, waɗanda kowa ya sani, su za a sara. Sauran a bar su sai babba ya zo ya duba.